Daba, dabba da daɓa: kalmomin sara masu kama a kunne, kowace da inda ta fito

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum. Akwai bayanin da ke yawo cewa wai an kira 'yan daba da wannan suna ne saboda halinsu irin na dabba, wasu kuma su ce don suna daɓa wa mutane wuƙa. Duka biyun ba su da tushe, kuma abin damuwa ne a ce ɗalibai suna kwasarsu suna zubawa a takardar jarrabawa. Kalmomi uku ne daban. Dabba, mai b biyu, aro ce daga Larabci, jam'inta dabbobi. Daɓa, mai ɓ mai ƙugiya, aikatau ce ta Hausa, danginta su ne daɓe da daɓen ɗaki, wato dukan abu da ƙarfi. Ita kuwa daba, mai b ɗaya, kalmar mafarauta ce: rukuninsu da inda suke haɗuwa. Daga can ta koma kan matattarar samarin unguwa, daga baya ta tsaya a kan masu ɗaukar makami. Bahaushe ba ya musanya b da ɓ a baki. Wanda ya ce bari bai ce ɓari ba. A rubutun waya ne kawai suke zama abu ɗaya.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙari a kan wannan: har yanzu ana cewa "dabar hira" ko "yana dabarsu" ba tare da nufin ta'addanci ba, wurin zama kawai ake nufi. Wannan tsohuwar ma'anar ce ta rage. Da a ce daga dabba ta fito, da ba a taɓa samun wannan ma'ana mai tsabta ba.

Aminu Kanikanci: Na yarda da asalin, Malam, amma ina ganin kuna raina kamannin sauti. Sara, wato maganar yayi, ba a aji ake ƙirƙirarta ba, a tasha da gareji da bakin kasuwa ake yi, kuma can kunne ne alƙali. Ɗauki ƙwaro. Idan aka ce yaro ƙwaro ne a lissafi ko a gyaran inji, yabo ne. Me ya haɗa gwaninta da kyankyaso ko tururuwa? Kusancinta da ƙware da ƙwararre da ƙwarai shi ne ya ja ta zuwa nan.

Malam Sabi'u: Wannan magana ce mai kyau, Malam Aminu, amma abu biyu ne. Inda kalma ta fito daban, abin da ya ja ma'anarta daga baya daban. A gwada ƙwaro da jam'i. Ƙwararre jam'insa ƙwararru. Ƙwaron sara kuwa, idan suna da yawa, sai a ce "yaran nan ƙwari ne", wato jam'in ƙwaron da muka sani. To jikin kalmar na ƙwaro ne, ƙware kuma ta taimaka mata ta zauna a kunne. Ban musa wannan ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki kamanni a mayar da shi tarihi.

Malama Binta: Bari in jero yadda ake tantancewa, don wanda zai yi da kansa. Da farko a rubuta kalmomin biyu da cikakkun haruffa, a ga ko akwai ƙugiya a ɗaya, ko baƙi biyu a jere. Rabin ruɗanin nan yake mutuwa. Sai a faɗe su a hankali a saurari tsawon wasali, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna shi, haka ma karin sauti. Sai a duba jinsi ta hanyar liƙa musu -n ko -r. Sai jam'i, kamar yadda Malam ya yi yanzu. Idan ana zargin aro ce, a nemo wasu kalmomi biyu ko uku da suka shigo daga harshe ɗaya, a ga ko sautin ya sauya iri ɗaya. Na ƙarshe, a buɗe tsohon ƙamus. Na Bargery ya fito a 1934, na Abraham a 1949. Kalmar da ke ciki da tsohuwar ma'anarta ba za a ce jiya ta shigo ba.

Ita kanta kalmar sara ta isa misali. Muna cewa "saran maciji", "saran itace", namiji ke nan. Amma muna cewa "sabuwar sara", mace. Sara-suka na Bauchi da Jos daga ta farkon suke, sara da suka, aikin makami. Sarar magana kuwa 'yar'uwar yayi ce, abin da ake yi na ɗan lokaci a bari.

Ɗan Fagge: Malama, to banga fa? Akwai masu cewa 'yan banga asalinsu makaɗan banga ne da ke raka 'yan siyasa.

Malama Binta: A'a. Banga ta kiɗa ƙaramar ganga ce ta fada, tsohuwar kalma. Banga ta siyasa daga "vanguard" take, sunan da ake ba rukunin matasan jam'iyya, kuma ta bazu ne a siyasar shekarun 1950, zamanin NEPU da NPC. Hujjar sauti a fili take: Hausa ba ta da v, galibi inda ta zo sai ta koma b. Bidiyo, biza, bawul, direba, talabijin. Ƙarshen kalmar kuma ya faɗi, domin Bature ɗan Ingila ba ya furta r ɗin, Bahaushe kuma bai cika rufe kalma da d ba. Abin lura shi ne yanzu gidajen rediyo suna kiran masu tsaron ƙauye 'yan banga, alhali a bakin dattijo ɗan banga ɗan tada zaune tsaye ne na siyasa. Shi ya sa wasu suka fi son a kira su 'yan sintiri ko 'yan sa-kai. Sintiri ma aro ce, daga "sentry".

Baba Ilu: Ku zo kan gaye, don nan ne yara suka fi ruɗewa. Akwai gaya ta faɗa wa mutum magana, wasalinta gajere. Akwai gaya, tuwon da ba miya, wasali dogo. Akwai gayya mai y biyu, aikin taron dangi a gona, daga ita aka sami gayyata. Akwai kuma gayya ta ganganci, "da gayya ya yi". Sannan gaye, daga "guy" na Turanci. Daga shi aka yi gayu, wanda ya fara a matsayin jam'i, sannan ya zama sunan aikin kansa: "ya ɗau gayu", "'yar gayu". Mai cewa wai ɗan gaye shi ne wanda ya yi ado don zuwa gayya bai san gayya ba. Da tsumma da fartanya ake zuwa.

Aminu Kanikanci: Baba, a nan ba ni da ja. Amma boko fa? Wannan kam kowa ya san daga "book" take. Makaranta, littafi, boko. Sauti ya yi, ma'ana ta yi. Me kuma ake nema?

Malam Sabi'u: Sautin ne bai yi ba, Malam Aminu, kuma wannan ita ce ta fi kowace yaudarar mutane, har da marubuta na waje. Bi matakan Malama Binta. Nemo kalmar Turanci mai irin wannan wasali da ta shigo Hausa: "cook" ta zama kuku. To da "book" ta shigo, buku za a ce, ba boko ba. Babu dalilin da zai sa u ta koma o mai tsawo har sau biyu. Sai ƙamus: Bargery ya kawo boko da ma'anonin algus da yaudara da abin da ba na gaskiya ba. Sai al'ada: amaryar boko ita ce wadda ake fito da ita a maimakon amaryar gaske a lokacin biki. Ga kuma biri-boko, abin da ke da girma a ido, ciki ba komai. Waɗannan ba su da alaƙa da littafi. Da Turawa suka kawo makarantarsu da rubutunsu, mutanen da ke da karatun allo da ajami suka kira sabon "na boko", wato wanda ba na ainihi ba. Masanin harshe Paul Newman ya yi rubutu a kan wannan a 2013, ya kuma tsaya a kan cewa kalmar Hausa ce tun asali. Littafi ma ai muna da kalmarsa tun tuni daga Larabci, ba mu da buƙatar aro.

Aminu Kanikanci: Kuku ɗin nan ta ɗaure ni. To boka?

Malam Sabi'u: Kalma ce daban. Jam'inta bokaye, sana'ar bokanci. Ɗan boko jam'insa 'yan boko. Wasalin ƙarshe da karin sauti duk sun raba su.

Hajiya Rabi: Tunda an zo kan abin da ba na gaskiya ba, kalmomi uku ke aiki a kasuwa: boko, bogi, jabu. Ba ɗaya ba ne a amfani. Jabu ta fi zama a kan abin da aka kwaikwaya: jabun kuɗi, jabun magani. Bogi ta fi zama a kan takarda da matsayi: takardar bogi, likitan bogi, kamfanin bogi. Boko a wannan ma'ana ta tsufa, sai a bakin manya da cikin karin magana. Wanda ya ce "likitan boko" yau, za a fahimci likitan asibiti ne, ba na ƙarya ba. Nan mai fassara yake faɗawa rami.

Bakatsine: Ina so in kawo wata ƙa'ida da ke warware kalmomi da yawa a lokaci ɗaya, ta aro daga Yarabanci. Yarabawa suna da sautuka biyu da ba mu da su, gb da kuma wanda suke rubutawa p amma su furta kp. Bahaushe yana mayar da gb ta koma gw, kp ta koma kw. Gwanjo daga kalmarsu ta cinikin "wa zai ƙara" take, gbanjo. Shi ya sa gwanjo ke da ma'ana biyu a wurinmu: gwanjon kaya da hukuma ke yi, da kuma tufafin da aka riga aka sa. Ba ta da haɗi da Gwanja, ƙasar Gonja da ke arewacin Gana ta yau, inda fatake ke zuwa sayen goro a Salaga. Akwati daga apoti. Kwano daga panu, wadda su ma suka aro daga "pan". Kwali daga pali. Irin wannan sauyi ne ya mayar da Gbari ta zama Gwari a bakinmu.

Kwali ce ta shiga sara: "ya samo kwali", "kwalin digiri", saboda kaurin takardar shaida. A waya sai ka ga an rubuta kwalli, wanda na ido ne, ko a haɗa ta da ƙwallo. L ɗaya ce, k ba ƙugiya.

Ɗan Fagge: Akawu ma ta nan ta biyo ko?

Bakatsine: Ta nan, daga akowe, magatakarda. Abin sha'awa shi ne kalmar Turanci ta wannan aiki, "clerk", ita ma ta shigo, ta zama kilaki, amma da yake akawu ta riga ta kama kujerar, sai kilaki ta zame ta koma sara, sunan macen bariki mai ado irin na ma'aikata. Wasalin i da ke tsakanin k da l na raba baƙaƙe ne, irin na firamare da burodi da kulob. Ba ruwanta da kilisa ko kilishi. Bariki kuwa daga "barracks", ba daga barka ko albarka ba, waɗanda na Larabci ne.

Malama Binta: Akwai wani wuri da nake so a daɗe a kai, don shi ne ke nuna yadda Hausa ke haɗiye baƙuwar kalma har ta ɓace. A Hausa z tana komawa j a gaban i ko e: kaza, kaji, gaza, gaji. S tana komawa sh: fasa, fashe. T tana komawa c: sata, sace. To da "change" ta shigo ta zama canji, sai kunnen Bahaushe ya ji j ɗin nan kamar z ce da ta sauya saboda i, ya koma baya ya ƙera aikatau canza. Babu canza a Turanci, mu muka yi ta. Haka aka yi wa caji daga "charge": ga cajin waya, ga caji ofis, sannan ga sara "ya caza mini kai". Caza 'yar caji ce kamar yadda canza take 'yar canji.

Yanzu a kwatanta da maƙwabtanta a kunne. Casu da cashewa, na rawa da biki, ba aro ba ne. Daga casa suke, sussukar hatsi da surfe, dukan da ake yi a jere, kuma s ɗin da ta koma sh a cashe ita ce shaida. Shi ya sa "an casa shi" ke nufin an yi masa duka, "an cashe" ke nufin an yi rawa. Cake kuma daga caka take, soka abu ya tsaya. "Ya cake" tana iya nufin ya yi ado ya tsaya kyam, "a cake yake" tana nufin ya sha abin maye. Matsalar ita ce "ya yi caji" ma tana nufin buguwa, shi ya sa ake zaton cake da caji uwa ɗaya ce. Ba haka ba ne: ɗaya ta gida, ɗaya baƙuwa, suka haɗu a ma'ana ɗaya.

Aminu Kanikanci: Malama, ai wannan shi ne abin da nake faɗa tun farko. Ba a banza suka haɗu ba. Yaro ya ji caji, ya ji cake, ya ga sun dace, ya ajiye su wuri ɗaya.

Malama Binta: Na ba ka wannan. Kamanni yana haɗa su zama, amma ba ya haɗa su jini.

Nas Hauwa: Ga masu aikin asibiti da iyaye wannan ba wasa ba ne, don kalmomin shaye-shaye da gangan ake zaɓo masu fuska biyu. Ƙwaya tana nufin ƙwayar hatsi, ƙwayar magani, da ƙwayar maye. Ganye haka. Sholisho daga "solution" take, gam ɗin da masu faci ke liƙe tayar keke da babur da shi, ake shaƙa. Ƙarshenta irin na fensho ne daga "pension", n ta faɗi. Roci daga Roche, sunan kamfanin da ke jikin ƙwayar. Bayan gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, sunayen sun ci gaba da sauyawa, domin amfanin kalmar shi ne kada babba ya gane, ranar da ya gane ta mutu. Shawarata ga mai ɗaukar bayanin maras lafiya: kada ka rubuta sunan sara kaɗai. Tambayi launi, da siffa, da ko sha ake yi ko shaƙa, da guda nawa a rana, a kuma kawo kwalin ko kwalbar in akwai. Suna ɗaya yana iya zama abu biyu a gari biyu, kuma maganin da za a ba wanda ya sha wannan ba shi za a ba wanda ya sha wancan ba.

Ɗan Fagge: Acaɓa fa? Na ga masu cewa kalmar Kudu ce.

Baba Ilu: Ta Kudu ita ce okada. Acaɓa Hausa ce tsantsa, kuma ƙirarta ta nuna. Muna da hanyar raɗa suna da "a" da aikatau: a-ci-balbal ga fitilar mai, a-kori-kura ga ƙaramar motar kaya, a-daidaita-sahu ga mai ƙafa uku, wanda ya ɗauki sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Kano zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Acaɓa tana cikin wannan layi, "a caɓa". Sai dai a kula da caɓa da caɓe. "Ya caɓa" samu ne, "ta caɓa ado" yabo ne. "Lamari ya caɓe" lalacewa ce, dangin caɓi da caɓalɓalo. Tushe ɗaya, wasalin ƙarshe ya juya ma'anar gaba ɗaya. Ko bayan hana haya da babur a birnin Kano a Janairun 2013, kalmar ba ta mutu ba, tana nan a sauran garuruwa.

Ɗan Damagaram: Sallama gare ku. Ku ba mu wuri mu ma, don a Nijar Faransanci ne ya yi mana abin da Turanci ya yi muku. Mushe a wurinmu malamin makaranta ne, daga "monsieur". Baƙo daga Najeriya ya ji yaro ya ce "mushe ya zo", sai ya zaci dabbar da ta mutu ba yanka. Kado kyauta ce, daga "cadeau", ba kada na ruwa ba, ba kuma Kaɗo tilon Haɓe ba. Makaranta lakwal.

Amma inda ake asara ta gaske shi ne kuɗi. Dala a wurinmu sefa 5 ce, kuma da ita ake ƙirga. Dala ashirin sefa 100. Dala ɗari sefa 500. Dala ɗari biyu ita ce jika, sefa 1,000. Mai kaya yakan yar da kalmar dala ya ce "ɗari" kawai, baƙo ya miƙa sefa 100, alhali 500 ake nufi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk lambar da ka ji da Hausa ƙasa da jika, ninka ta sau biyar. In da Faransanci aka faɗa, yadda aka faɗa haka take.

Baba Ilu: Madalla, ɗan'uwa. A Najeriya kuma jaka lissafinta daban. Kafin 1 ga Janairun 1973 fam muke kashewa. Fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12. Taro kwabo 3, sisi kwabo 6, nai kwabo 9. Ɗari rabin kwabo, anini kashi ɗaya cikin goma na kwabo. Jaka ita ce fam 100, domin a jaka ake ɗaure tsabar kuɗin. Da naira ta zo aka yi fam ɗaya naira 2, sule ya zama kwabo 10, sai jaka ta zama naira 200. Shi ya sa tsofaffin 'yan kara in sun ce jaka biyar, naira 1,000 suke nufi. To ka ga jika biyar a Maraɗi sefa 5,000 ce, jaka biyar a Katsina naira 1,000. Wanda ke ciniki a bakin iyaka, ya tambaya da wane kuɗi ake magana kafin a ce albarka.

Malam Sabi'u: Kuma kusan kowace a cikinsu tana da tagwai a kunne. Taro na kuɗi wasalinsa gajere, taron jama'a dogo, daga tara. Sisi daga "sixpence", nai daga "nine", sule daga "shilling", ba ruwansa da Sule na Sulaimanu. Kwabo daga "copper". Jika ta kuɗi, jika ɗan ɗa mai dogon wasali, da jiƙa ta ruwa mai ƙugiya, uku ne. Dala ta kuɗi ta samo suna daga tsabar azurfa mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780, wadda ta yi yawo a kasuwannin ƙasar nan kafin kuɗin Ingila, kuma kalma ɗaya ce da dalar Amurka a asali. Dutsen Dala na Kano daban ne, wasalinsa dogo, kuma dalar gyaɗa shi ta bi, saboda tsibin buhunan ya yi kama da dutse.

Hajiya Rabi: Kuɗin sun tafi, kalmomin sun zauna a sara. "Ba ni da ko sisi", "bai ba ni ko anini ba", "ba ya da taro ba ya da sisi". Matashin da ke faɗar haka bai taɓa riƙe su ba. Anini ma ya sami aiki na biyu a kafaɗar soja da ɗan sanda, mai anini uku shi ne kyaftin. Sababbin sunaye kuma daga hoton takardar suke zuwa: Murtala ga naira 20, wadda ta fito a 1977, da wazobiya ga naira 50 ta 1991, mai hoton mutanen ƙabilu daban-daban. Wazobiya kalmar "zo" ce sau uku, wa ta Yarabanci, zo tamu, biya ta Ibo. Ba biyan kuɗi ba ne, ko da yake kunne can yake kai mutum.

Lauya Nasiru: Ƙaramin gyara a kan abin da ake yawan haɗawa da wannan. Ana kiran ɗan damfara "fo-wan-nain" saboda sashe na 419 na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudu. A jihohin Arewa kundin Penal Code ne, wanda ya fara aiki a 1960, kuma laifin cuta yana sashe na 320, hukuncinsa a 322. Kalmar ta zo mana daga Kudu da lambarta, ba daga kotunanmu ba. Tare da ita aka sami ruɗanin mugu. A Turancin buroka mugu shi ne wanda aka damfara, sakarai. A Hausa mugu shi ne mai cutar. Jumla ɗaya, "ya sami mugu", tana nufin abu biyu masu kishiyantar juna gwargwadon bakin da ta fito. Mai fassara a kotu ko a caji ofis dole ya tambayi da wane harshe aka faɗe ta kafin ya rubuta, in ba haka ba sai ya mayar da mai ƙara wanda ake ƙara. Wayo ma haka: a wurinmu yana iya zama yabo ga yaro, a buroka zamba ce zalla.

Aminu Kanikanci: Ga kuma mugu ta uku a bakin matasanmu, ta ƙarfafawa: "mugun kyau", "ya mugun iya tuƙi". Ba sharri a ciki ko kaɗan.

Malama Binta: Ita wannan daga mugun Hausa take kai tsaye, kamar yadda ake cewa "bala'in kyau" da "masifar daɗi". Kalmar tsanani ce ake ara don auna yawa. Gwajinta shi ne a cire ta a sa "matuƙar": in jumlar ta tsaya daidai, ta ƙarfafawa ce. "Matuƙar kyau" ta yi. "Matuƙar mutum" ba ta yi ba, don haka "mugun mutum" yana nan a ma'anarsa ta asali.

Ɗan Damagaram: Wannan gwajin yana aiki a wurinmu ma. Ga masu rubutu a waya kuma, allon rubutu na Gboard yana da Hausa, a saka shi a cikin harsuna, ɓ da ɗ da ƙ za su samu. A Nijar muna rubuta ƴ da ƙugiya inda ku kuke sa 'y, amma sautin ɗaya ne.